Taba, Haraji da Gadon Sarauta: Yadda Ganyen da Sarakuna Suka Tsana Ya Zama Jigon Baitulmalinsu

A shekarar 1604, Sarkin Ingila James na Ɗaya ya wallafa wani ɗan littafi, ba tare da ya sa sunansa a kai ba, yana tir da shan taba. A ganinsa ƙazamar ɗabi'a ce mai lalata jiki da cinye dukiya, wadda talakawansa suka kwaikwayo daga mutanen nahiyar Amurka. Bai tsaya ga rubutu kawai ba. A watan Oktoba na wannan shekara ya ɗaga kuɗin fiton taba daga kwabo 2 zuwa sule 6 da kwabo 10 a kan kowace laba, wato abin da bai kai rabin kilo ba. Sule ɗaya kwabo 12 ne, ke nan harajin ya tashi daga kwabo 2 zuwa 82, ninki 41 a dare ɗaya.

Shekara 15 bayan haka, wannan sarkin ya haramta noman taba a cikin Ingila. Mai karatu zai zaci tsohuwar ƙiyayyar ce ta motsa, amma dalilin daban ne. Tabar da aka noma a gida ba ta bi ta tashar jiragen ruwa, saboda haka ba ta biyan kuɗin fito. Sarkin da ya so ya kori taba daga ƙasarsa ya koma yana tsare ta daga duk abin da zai rage masa riba.

Abin da ya faru da James ya faru da sarakuna da dama tsakanin shekarun 1600 da 1800. Sun fara da hani, suka koma ga haraji, wasunsu suka ƙare da yin babakere a kan cinikin baki ɗaya. A kowane mataki tambaya ɗaya ce ke tasowa: wane ne ke da ikon ɗora wa jama'a haraji, kuma da yardar wa? Amsar da kowace ƙasa ta bayar ta shafi makomar sarautarta.

Zamanin hani

Taba tsiron nahiyar Amurka ce. Mutanen Christopher Columbus sun ga mazauna tsibirin Kyuba suna shan ta a 1492, kuma daga nan jiragen Sifaniya da Fotugal suka yaɗa ta. Da farko a matsayin magani ta shiga Turai. Wajen 1560, jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa yana yabon amfaninta, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin, sinadarin da ke sa mashayi ya kasa dainawa. Kafin a yi nisa cikin ƙarni na 17, lofe ya riga ya isa Santambul da Indiya da Japan da Afirka ta Yamma.

Masu mulki da yawa sun tarbe ta da bulala. Sarkin daular Mughal ta Indiya, Jahangir, ya hana ta a 1617. A daular Turkawa ta Santambul, Sarki Murad na Huɗu ya haramta ta a 1633 bayan wata babbar gobara, ya rufe gidajen shan gahawa, aka kuma kashe mutane da dama saboda karya dokar. Abin da ya dame shi ya wuce hayaƙi da gobara: wuraren da mutane ke taruwa suna shan taba su ne wuraren da ake gulmar fada. A Rasha, Sarki Mikhail ya hana ta a 1634, kuma hukuncin masu laifi ya haɗa da bulala da tsaga hanci da kora zuwa Saiberiya.

Malaman Musulunci ma sun yi saɓani a kanta. A Masar, Ibrahim al-Laƙani ya yi rubutu yana hana ta, Ali al-Ajhuri kuwa ya sassauta. Shehun malamin Timbuktu, Ahmad Baba, ya rubuta fatawa a 1607 inda ya karkata ga halasci. Wannan ya nuna cewa tun farkon ƙarnin batun ya riga ya iso yankinmu.

Babu ɗaya daga cikin dokokin hanin da ta ɗore. Bayan rasuwar Murad a 1640 aka yi ta sassautawa, kuma kafin ƙarnin ya ƙare gwamnatin Santambul tana karɓar haraji a kan taba. A Rasha, Sarki Peter ya ɗage hanin a 1697, shekara guda bayan haka kuma, yana ziyara a Landan, ya sayar wa 'yan kasuwar Ingila izinin shigo da ita ƙasarsa domin yana buƙatar kuɗi a hannu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Me ya sa taba ta dace da haraji?

Sarakunan wancan zamani kullum cikin bashi suke. Yaƙi ya yi tsada, domin bindigogi da jiragen ruwa da sojojin da ake biya albashi sun maye gurbin mayaƙan da hakimai ke kawowa lokacin buƙata. Harajin ƙasa ko na kai yana da wahalar karɓa, kuma a ƙasashe da dama sai majalisar wakilai ta amince kafin a ɗora shi. Majalisa kuwa ba ta bayar da kuɗi sai da sharaɗi.

Taba ta zo da siffofi uku da suka yi wa mai karɓar haraji daɗi. Na farko, wanda ya saba da ita ba ya barin ta don ta yi tsada, sai dai ya rage wani abin. Na biyu, ba abinci ba ce. Sarkin da ya tsawwala haraji a kan hatsi za a ce yana kashe talaka da yunwa, wanda ya tsawwala a kan taba kuwa yana iya cewa tarbiyya yake gyarawa. Na uku, mafi yawanta daga ƙetaren teku take zuwa, ta 'yan tashoshi ƙalilan, inda ma'aikata kaɗan za su iya auna ta su rubuta.

Sai dai akwai siffa ta huɗu da ta zame wa sarakuna ƙarfen ƙafa. Taba ba ta da nauyi, ga daraja, ga sauƙin ɓoyewa. Duk lokacin da haraji ya ninka farashinta, tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da ainihin kuɗin kayan ta zama ribar ɗan fasa-ƙwauri. James da kansa ya ga haka, domin bayan 'yan shekaru sai da aka sassauta harajin 1604 sosai.

Ingila: wa ke da ikon karɓa?

A 1612 wani Bature mai suna John Rolfe ya fara gwada noman wani irin taba mai daɗin sha a Bajiniya, sabon yankin da Ingila ta mamaye a Amurka ta Arewa. A 1617 an aika da kimanin laba 20,000 zuwa Ingila. Kafin ƙarshen ƙarnin, abin da ke fitowa daga Bajiniya da maƙwabciyarta Maryland ya haura laba miliyan 20 a shekara. Taba ta zama kuɗi a can: da ita ake biyan haraji da tara da albashin limaman coci. Hanin noma a Ingila na ƙarshen 1619 yarjejeniya ce tsakanin sarki da kamfanin da ke riƙe da Bajiniya: kamfani zai biya kuɗin fito, sarki kuma zai tsare masa kasuwa. A 1624 James ya soke izinin kamfanin, yankin ya koma ƙarƙashin fada kai tsaye.

Rigimar ta samo asali ne daga yadda aka ɗora irin waɗannan haraji. James bai nemi amincewar Majalisar Dokoki ba. Hujjarsa ita ce cinikin ƙasashen waje yana cikin hurumin sarki. A 1606 wani ɗan kasuwa, John Bate, ya ƙi biyan irin wannan ƙarin haraji a kan busasshen inabi, aka je kotu, alƙalai suka ba sarki gaskiya. Daga nan aka faɗaɗa ƙarin zuwa ɗaruruwan kayayyaki. 'Yan majalisa suka fahimci inda aka dosa: sarkin da zai iya cika baitulmalinsa daga tashar jiragen ruwa ba shi da dalilin kiran su zama. An yi ta cacar baki a kan haka a zaman 1610 da na 1614, wanda aka rushe ba tare da ya zartar da doka ko ɗaya ba.

Da ɗansa Charles na Ɗaya ya hau gado a 1625, majalisar wakilai ta ƙi ba shi izinin karɓar kuɗin fito na tsawon rayuwarsa kamar yadda aka saba yi wa sabon sarki, ta ce shekara ɗaya kawai. Charles ya ci gaba da karɓa. 'Yan kasuwar da suka ƙi biya aka ƙwace musu kaya, aka ɗaure wasu. A watan Maris na 1629 'yan majalisa suka danne kakakinsu a kan kujera don kada ya tashi zaman, har sai da suka ayyana cewa duk wanda ya biya wannan haraji da son ransa ya ci amanar 'yancin ƙasa. Charles ya rushe majalisar, ya yi shekara 11 yana mulki ba tare da ita ba.

A waɗannan shekaru ya tatsi taba ta kowace fuska. Ya wajabta wa masu sayar da ita a shaguna su sayi lasisi daga fada. Ya yi ta ƙoƙarin zama shi kaɗai ne mai sayen dukkan tabar Bajiniya a farashin da ya ga dama, manoman can suka ƙi, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa suka kori gwamnansu, John Harvey, a 1635.

Ba za a ce taba ce ta haddasa yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 ba. Rikicin addini da wasu haraji, musamman na gina jiragen yaƙi, sun fi ta nauyi. Amma tana cikin kuɗaɗen da suka ba sarki damar yin mulki babu majalisa, kuma a kan wannan dama aka yi yaƙin. An fille wa Charles kai a ranar 30 ga Janairun 1649.

Abin lura shi ne, nasarar majalisa ba ta sauƙaƙa wa mashayi ko manomi komai ba. Majalisar ce da kanta ta ƙirƙiro harajin cikin gida a kan kayan masarufi a 1643, har da taba. Ta kuma sabunta hanin noma, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun yi ta tura sojojin doki suna tattake gonakin taba a yankin Gloucestershire, manoma suna fito-na-fito da su. Dokar 1660 ta wajabta cewa tabar Bajiniya sai ta bi ta Ingila ko yankunanta kafin ta je ko'ina. A 1685 aka ƙara kwabo 3 a kan kowace laba. Abin da ya canza shi ne hannun da ke sa hannu. Dokar 'yanci ta 1689 ta tabbatar da cewa karɓar kuɗi da sunan sarki ba tare da izinin majalisa ba haramun ne. Kuma ko gwamnatin da ke da rinjaye a majalisa tana da iyaka: a 1733 Firaminista Robert Walpole ya kawo ƙudurin da zai ba jami'an haraji damar shiga sito da shaguna suna binciken taba, 'yan kasuwa suka tayar da ƙura a faɗin ƙasar, dole ya janye.

Faransa: sarki ya zama ɗan kasuwa

Faransa ta bi wata hanya. Majalisar wakilan ƙasar ba ta sake zama ba daga 1614 har 1789, saboda haka babu wanda sarki zai nemi yardarsa. A 1629 Richelieu, babban wazirin sarki, ya ɗora haraji a kan tabar da ake shigowa da ita. A 1674, zamanin Sarki Louis na 14 da ministan kuɗinsa Colbert, aka ayyana cewa sarki ne kaɗai ke da ikon sayar da taba a ƙasar.

Sarki ba ya zama a shago, don haka sai ya bayar da kwangila. Wasu attajirai za su biya shi kuɗi mai tsoka tun kafin a sayar da komai, su kuma su karɓi ikon saye da sarrafawa da sayarwa na wasu shekaru. Duk abin da suka tara sama da abin da suka biya, nasu ne. Daga 1730 cinikin ya shiga hannun babban kamfanin 'yan kwangilar haraji, wanda ke riƙe da harajin gishiri da kuɗin fito. Kamfanin yana da dubban dakaru masu makamai da ikon shiga gida su yi bincike. An hana noman taba a mafi yawan ƙasar, kuma mafi yawan abin da kamfanin ke sayarwa tabar Bajiniya ce da yake saye daga hannun 'yan kasuwar Birtaniya, abokiyar gabar Faransa.

Tsarin ya kawo wa fada kuɗi masu yawa, ya kuma haifar da fasa-ƙwauri irin wanda ba a taɓa gani ba. Talakawa maza da mata da yara suka shiga harkar. Wanda aka kama yakan ƙare a kurkuku ko aikin tuƙa jiragen sarki cikin sarƙa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Louis Mandrin, wanda a 1754 ya riƙa shigowa daga yankin Savoy da rundunar mahaya, yana buɗe kasuwa da rana tsaka a garuruwa. Yakan je gidan wakilin kamfanin, ya tilasta masa sayen tabar fasa-ƙwauri da bakin bindiga, sannan ya rubuta masa rasit. Sojojin Faransa sun ƙetare iyaka ba bisa ƙa'ida ba suka kamo shi, aka kakkarya masa gaɓoɓi a bainar jama'a a garin Valence a watan Mayun 1755. Jama'a suka mayar da shi gwarzo.

Nan ne haɗarin yake. Tunda da sunan sarki ake bincike da kamu da kisa, ƙiyayyar da ake yi wa 'yan kwangila ta riƙa komawa kan gadon sarauta. A watan Yulin 1789, kwana ɗaya zuwa biyu kafin a afka wa kurkukun Bastille, mutanen Faris sun fara ƙone shingayen karɓar haraji da kamfanin ya gina kewaye da birnin. An soke babakeren taba a 1791, an kashe Sarki Louis na 16 a 1793, kuma a ranar 8 ga Mayun 1794 aka fille kan 'yan kwangila 28, cikinsu har da shahararren masanin kimiyya Antoine Lavoisier. Duk da haka, a 1810 Napoleon ya dawo da babakeren. Sarauta ta tafi, harajin ya zauna.

Sifaniya ta riga Faransa, domin tun 1636 ta kafa nata babakeren, daga baya ta faɗaɗa shi zuwa yankunan da take mulka a Amurka. A Kyuba, inda aka tilasta wa manoma sayar wa hukuma kaɗai a farashinta, sun yi tawaye a 1717 da 1720 da 1723, na ƙarshen ya ƙare da rataye wasunsu. A ƙasar da ake kira Kolombiya a yau, tsaurara dokokin taba da ƙarin haraji sun tayar da babban bore a 1781.

Kura da shan bugu

A duk wannan jayayya tsakanin sarakuna da majalisu da 'yan kasuwa, akwai waɗanda ba a taɓa neman yardarsu ba. A 1619, shekarar da James ya hana noman taba a Ingila, aka sauke 'yan Afirka ashirin da wani abu a Bajiniya. Zuwa ƙarshen ƙarnin, bayi daga Afirka sun fara maye gurbin Turawa 'yan ƙodago a gonakin taba, kuma guminsu ne ke zama kuɗin fito a Landan da ribar 'yan kwangila a Faris.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da mu. Gwamnatin Fotugal ta hana shigar da tabar Bahia ta ƙasar Birazil mai daraja ta uku cikin Fotugal. Sai manoman suka riƙa nannaɗe ta suna shafa mata ruwan rake da aka dafa ya yi kauri, don kada ta bushe. Wannan taba ta samu karɓuwa ƙwarai a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ta zama babban abin da ake musayar bayi da shi a Wida, daga baya a Porto-Novo da Badagiri da Ikko. Kowa ya yanki rabonsa a hanya: 'yan Holan da ke Elmina, a Gana ta yau, suna karɓar kashi 10 cikin 100 na tabar kowane jirgi, sarakunan Dahome kuma, bayan sun ci Wida a 1727, suna karɓar nasu kuɗin fito ta hannun wakilinsu. Cikin mutanen da aka yi jigilarsu ta wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 akwai Hausawa da yawa, har hukumomin Bahia suka rubuta labarin yunƙurin tawayensu a 1807. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da tarihin ya bari

James ya yi gaskiya game da cutarwar taba, ko da yake sai a 1950 binciken likitoci ya fara tabbatar da alaƙarta da sankarar huhu. Gwamnatocin yau suna cikin tsaka-mai-wuyar da ya shiga: suna son a rage sha, suna kuma son kuɗin. Najeriya ta kafa dokar taƙaita shan taba a 2015, ta kuma sauya tsarin harajinta a 2018. Bambancin shi ne yanzu an san tsadar taba tana rage sha, musamman ga matasa, don haka harajin yana da hujjar da ta fi ta wancan zamani ƙarfi.

Amma darussan karɓa ba su tsufa ba. Harajin da ya zarce ƙarfin hukumar da za ta tsare iyaka, ɗan fasa-ƙwauri yake yi wa aiki. Gwamnatin da ta miƙa karɓar haraji ga ɗan kwangila tana samun kuɗi da wuri, sai dai duk cin zarafin da ya yi wa mai shago da sunanta ya yi shi. Sannan yawan haraji ba shi kaɗai ke tunzura jama'a ba. A ƙarni na 18 mutumin Birtaniya ya fi na Faransa biyan haraji, amma a Faransa aka kifar da sarauta. Na farko yana da wakilan da suka amince da harajin, yana kuma da inda zai kai kuka, kamar yadda aka gani a 1733. Na biyu ba shi da kowa sai dakarun kamfani a ƙofar gidansa.